Kiran da Asta Ba Ta Amsa Ba

A shekarun nan na bayan samun mulkin kai, duk mai cin kasuwar Illela ya san Asta mai tabarmi, ko da bai taɓa sayen ko faifai a hannunta ba. Saƙarta ba ta da laifi, amma ba ita ta sa aka san ta ba. Wata ɗabi'a gare ta da yara suka mayar abin wasa: duk wadda aka ƙwala wa kira da sunan Asta a kasuwar nan, ita ce za ta fara amsawa, ta miƙe tsaye tana waige-waige. Ga shi kuwa gari ne da masu wannan suna suka fi a ƙirga, saboda haka wuni take yi tana tashi tana zama. Mutane suka ce bori ne ya taɓa ta. Bori yana cikin maganar, amma ba ta inda suke zato ba.

'Yar Kalmalo ce, a bakin tabki aka haife ta. Ubanta masunci ne, uwarta kuwa goɗiyar Doguwa ce, wato tana cikin matan da iska ke hawa idan an goga goge, kuma iskar tata ta gado ce, daga uwa zuwa 'ya. Asta ta tashi tana ganin wata kusurwa a ɗakinsu da ba a taɓawa, inda ake ajiye farin zane da 'yar ƙwaryar nono. Tun tana ƙarama ba ta son wurin. Abin da ta fi ƙi shi ne ranar wasa, ta ga fuskar uwarta ta juye ta koma ta wata mata da ba ta san ta ba, ta kira ta Inna a dube ta kamar baƙuwa. Don haka da aure ya kai ta Illela, gidan malamai, sai ta ce a ranta ta tsira.

Uwar ba ta daɗe ba bayan bikin. Da ciwo ya yi tsanani aka aiko, Asta ta je ta same ta, tsohuwa ta riƙe mata hannu ta nuna kusurwar nan da ido.

"Abin ga na gado na," in ji ta. "In ba ki ɗauka ba, ita Doguwa za ta ɗauka."

Asta ta yi kuka ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai jinya. Bayan sadakar bakwai ta koma ɗakinta, ta bar zane da ƙwarya inda suke.

Mijinta Isma'ila ɗan Malam Ma'aruf ne, mai makarantar allo a zaurensa. Karatun ɗan bai yi zurfi ba, sai ya kama ɗinkin hannu, yana da 'yar rumfa a kasuwa. Mutum ne mai sanyi, kunya ta yi masa katutu. Kowa ya san mace ba ta faɗin sunan mijinta, kuma a wancan zamani namiji mai tarbiyya ma yakan kauce wa sunan matarsa ta fari, amma shi Isma'ila ya kai abin maƙura. Idan yana son ruwa sai ya yi gyaran murya. Idan magana ta kama dole ya ce "ke". A gaban mutane kuwa sai dai ka ji "mutanen ɗaki", kamar su goma ne a ciki. Ko almajirar gidan da ake kira Asta ba ya iya aika ta da suna, sai ya ce a kira masa yarinyar can mai tsagen Gobir. Matan gida suna yi wa Asta tsiya, wai ko ya manta sunan ne tun wurin ɗaurin aure, ita kuwa daɗi take ji, don ta san girmamawa ce. A gyaran muryarsa kawai takan gane ko yunwa yake ji ko ciniki ne ya ƙi.

Da an bar su haka da sun tsufa lafiya. Sai haihuwa ta zo, ta zo da abin da ta zo da shi. Ta fari mace ce, ba ta kai ga zama ba ta koma. Na biyu ya fara rarrafe, shi ma ya bi ta. Ta uku har ta soma dafa bango tana cewa Inna, ranar da 'yan makarantar boko suka zaga gari da sababbin tutoci suna waƙar an samu 'yanci, ranar aka fita da ita naɗe cikin 'yar tabarmar da uwarta ta saƙa da hannunta. Daga nan aka daina ɓoye kalmar, aka ce Asta wabi take yi, wato tana haifa suna mutuwa.

Malam Ma'aruf ya yi iya ƙoƙarinsa, kar a ci haƙƙinsa. Rubutu ta sha shi har haƙoranta suka yi baƙi, an yi sadakar waina, an yi saukar Alƙur'ani, an ɗaura mata layu. Da ta sake haihuwa, namiji, aka raɗa masa Hamidu amma aka hana kowa faɗi, sai Ɓoyi. Ba a fita da shi, ba a yaba shi, ba a sa masa sabuwar riga, don kada idon mutuwa ya faɗa kansa. Ɗan maɗinki guda ya tashi cikin tsumma. Yaron kuwa kamar ya san ana ɓoyonsa ya ƙi ɓoyuwa, ga ƙiba ga dariya, yana bin kajin gida da rarrafe yana kama musu wutsiya. Duk dariyar da ya yi sai gaban uwarsa ya faɗi, domin a cikin 'ya'yanta babu wanda ya taɓa tsallake yaye, shi kuma ga shi yana matsowa.

Ana nan sai hannunta na hagu ya fara mutuwa da safe, ta ɗauki muciya ta suɓuce. Sai kuma mafarki, wata doguwar mata tana miƙo mata ƙwarya babu komai a ciki. Asta ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san fassarar da kanta.

Wata ranar kasuwa Inna Lami ta shigo gidan da tallar kanwa. Ƙawar uwar Asta ce, tare suka yi zamanin bori a Kalmalo, kuma ita ke girka mata a yankin, wato ita ke shigar da sabuwar goɗiya ɗaki ta haɗa ta da iskarta. Ta dubi yaron, ta dubi hannun da Asta ke tallafe da shi, ta bari sai da sauran mata suka ba da baya.

"Ɗiyata, mi kika jira?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Ukku tad ɗauka. So kike ta cika huɗu?"

"Inna, gidan malamai nike. In Malam yaj ji, aurena ya mutu."

"Aure ana ɗaura wani. Ɗa hwa?" Tsohuwa ta gyara kanwarta. "Doguwa ba mugunya ba ta, yunwa taka ji. A girka ki, ki ɗauki ƙwaryar uwakki, ta zama mai tsaron gida. Haka munka iske ana yi."

Da zamanin dā ne da abin bai zama tafiya ba. A ɗakin uwarta za a yi a Kalmalo, yaro yana tsakar gida wajen 'yan'uwa, tana jin motsinsa ta cikin zana. Amma a shekarun nan an yi shela an hana kiɗan bori a wannan ɓangare, 'yan doka suna fasa ƙorai suna karɓe goge, duk wanda aka kama sai gaban alƙali. Saboda haka masu abin suka kwashe kayansu suka tsallaka iyaka, ƙasar da har lokacin ake ce wa ta Faranshi ko da yake Faransawan sun tafi, inda ba mai hana su. Inna Lami tana wani ɗan ƙauye kusa da Ƙonni, tafiyar hantsi ce a ƙafa. Masu shelar sun ɗauka sun kashe abin, alhali nisanta shi kawai suka yi da gida.

Hanyar fita ɗaya ce, kuma al'ada ce ta ba ta. Lokacin yaye ya yi, kakar yaro tana cikin gida, don haka uwa ce za ta gusa ta je wajen danginta har ya manta da nono. Da rana, Isma'ila ya dawo shan fura, ta durƙusa gefe.

"Ina son in tahi yaye."

"Kalmalo?"

"Ƙetare," in ji ta, kanta a ƙasa.

Ya ajiye ludayi. Ɗan malam ne, ya san abin da ke ƙetare, ya kuma san hukuncinsa tun yana riƙe da allo. Ya dubi yaron da ke tsotsar igiyar layarsa.

"Ni ban ji komi ba," ya ce. Can kuma ya ce, "Wane gari na?"

Ta faɗa masa. Washegari ta tarar da sabon farin zane a kan gadonta, an kalmashe bakinsa da irin ɗinkin nan nasa mai ƙanana kamar jerin gero. Bai ce na mene ne ba, ita ma ba ta yi godiya ba.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Ta ba Ɓoyi nono ya sha har ya yi barci, ta kwantar da shi a bayan kakarsa ta fita ba ta waiwaya ba.

Ɗakin girka ɗan bukka ne a ƙarshen gidan Inna Lami, bayansa zana ce sai hanya. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka kwance mata kitso, aka cire layun Malam aka rataye a waje. Kullum a yi mata wanka da jiƙon saiwoyi, ta sha wani mai ɗaci, a lulluɓe ta da farin zanen nan a tura kaskon turare ƙarƙashi har sai ta ga ɗakin yana juyawa. Da yamma mai goge ya zauna daga bakin ƙofa yana goga taken iskoki ɗaya bayan ɗaya, don a koya wa jikinta wanda zai amsa. Kwana bakwai ake yi, kuma tun kafin a saki asabarin ƙofa Inna Lami ta kafa mata doka.

"Ki saurara da kyau. Cikin kwanukkan ga ba ki da suna. Duk wanda yak kira ki, kak ki amsa, kak ki hito. Akwai iskoki 'yan baƙin ciki da ba su son a gama. Suna zakkuwa da muryar wanda kika so, su hwaɗa miki abin da kika tsoro. In kin amsa, girka ta ɓaci, kuma Doguwa ba ta yahe wannan."

Ɗacin magani bai dame ta ba, hayaƙi ma ta jure. Abin da ya gallabe ta nono ne. Ya cika ya yi tauri, ko zane ya goga sai ta cije leɓe, kuma duk sanda ya tsatsa ta san lokacin shan Ɓoyi ne ya yi. Sai ta riƙa lallashin kanta, ta ce kwana bakwai ne a kan shekarun da zai yi, ta hango shi ya girma yana zaune a rumfar ubansa yana zura zare a allura.

Kwanakin sun fi rabi, wata rana bayan azahar, gida ya yi tsit. Inna Lami ta tafi daji haƙar saiwa. Asta tana kwance cikin zufa sai ta ji takun mutum a bayan zana, sannan murya.

"Asta."

Ta ɗaga kai.

"Asta! Ni na. Ki hito, yaro ba shi lahiya. Baƙon dauro na, ba shi cin komi, ke ɗai yaka kira."

Muryar Isma'ila ce, har da 'yar dushewar nan tata. Kafin ta yi wani tunani nono ya zubo ya jiƙa mata zane, ta samu kanta tsaye hannunta a kan asabari. Taku ɗaya ya rage.

Sai ta tuna. Shekara nawa suna tare, an haifi huɗu an binne uku, mutumin nan ko cikin magagin barci bai taɓa furta sunanta ba. Ranar da ta uku ta rasu ma, da ya zo ba ta haƙuri, "ke" ya ce. Yaya za a yi yau ya tsaya a bakin hanya a garin mutane yana shelar sunanta kamar mai tallar manja? Ga muryar wanda take so, ga abin da take tsoro, daidai yadda aka gaya mata, amma iskar ta yi kuskure wuri ɗaya. Asta ta saki asabari. Har ɗan murmushi ta yi, ta ce a ranta, ke dai kin iya kwaikwayo, amma ba ki san mijina ba.

Ta koma ta zauna, ta ja farin zanen ta toshe kunnuwa da shi. Muryar ta yi ta kira, tana roƙo, har ta koma kamar ta mai kuka, ita kuwa tana jin alfahari da ƙarfin zuciyarta. Can takun ya yi nisa.

To, shi ɗin ne. Babu wata iska a bayan zanar nan sai Isma'ila ɗan Malam Ma'aruf, da ƙura har gwiwa. Baƙon dauro ya shigo Illela bayan tafiyarta, ya kama yara unguwa-unguwa, ya samu Ɓoyi sabon yaye, ya ƙi kunu ya ƙi ruwa. Tsofaffi suka ce a nemo uwar ta mayar da shi nono ko ya samu abin riƙe ciki. Aka ce a aika Kalmalo, shi kaɗai ya san ba ta can, ya tashi cikin tsakar rana ya tsallaka iyaka. A ƙofar gida matan da ke gadi suka ce ba su san wata mai wannan kama ba, domin sun saba da mazajen Ingilishi, wato na tsallaken iyaka, masu zuwa jan matansu daga ɗaki. Sai ya zagaya baya. Ya tsaya yana tunanin yadda zai yi, gida cike da mata, gyaran murya ba ya nuna wadda ake nufi, "ke" ma ta kowa ce. Ya haɗiye kunyar rayuwarsa duka ya faɗi sunan. Abin da ya fi ƙarfinsa ya yi don ta gane da gaske yake, shi ne kuma ya sa ba ta yarda ba, kuma duk wanda ya ji wannan bai ji zuciyarsa ta yi nauyi ba, a duba shi.

Da Inna Lami ta dawo aka gaya mata wani ya zo. Asta ma ta ba ta labari da murna, ta ce an jarraba ta ta ci. Tsohuwa ta ce, "Kin yi daidai, ɗiyata." Washegari 'yan kasuwa suka kawo wa Inna Lami labarin rasuwar Ɓoyi, ta haɗiye shi ita kaɗai. Daga baya ta ce da ta faɗa da an yi asarar biyu, ga ɗa ya tafi ga uwa ta fito da girka rabi. Wataƙila har ga Allah haka ta gani. Amma ta ci gaba da dafa magani tana yi wa matar nan wanka, tana jin ta tana lissafin irin wayon da Ɓoyi zai yi kafin ta koma, kuma wannan ko da wace hujja aka zo rashin imani ne.

Ranar fita aka share fili, mata suka jera ƙorai suna kaɗawa, mai goge ya ɗauki taken Doguwa. Asta ta fito cikin farin zane. Abin da ta guda tun tana yarinya ya same ta, ta ji ƙasa ta yi nisa, ta ji wani sanyi ya hau ta daga ƙafa, daga nan ba ta san komai ba sai da ta yi atishawa ta farka a jikin mata, an ce iska ta sauka. Goɗiya ba ta sanin abin da aka faɗa da bakinta, sai an ba ta labari. Suka ce Doguwa ta zo, ta karɓi nono ta sha, ta ce ta huce, ta ce ɗan da ke gida zai yi furfura. Asta ta fashe da kukan daɗi ta rungume Inna Lami, wadda ta kawar da fuska.

Da sassafe ta kama hanya, ƙwaryar Doguwa da aka ba ta ƙunshe cikin zane, da 'yar alewa da ta saya wa yaro a bakin iyaka. Sauri take yi har tana tuntuɓe. Tun daga nesa ta lura ba a jin karatun yara a zauren Malam. A ƙofar gida akwai tabarmi shimfiɗe da butoci, irin shimfiɗar da ta sani sarai, don sau uku ana yi mata ita. Ta shiga. Kakar yaron tana zaune bakin murhu bayanta babu goyo, ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Sai haƙuri," ta mayar da kai.

Ba ta yi ihu ba. Ta wuce ɗakinta ta zauna a ƙasa da alewar a hannu. Jim kaɗan Isma'ila ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya rame kamar shi ya yi ciwon.

"Na zaka," ya ce. "Na yi kira."

"Na jiya."

"Kin jiya?"

"Na ɗauka ba kai ba na." Ta damƙe alewar. "Ba ka taɓa hwaɗin shi ba."

"Ban taɓa ba," ya ce.

Ta tambaye shi yaushe. Ya ce washegarin zuwansa, da hantsi, a hannun kakarsa, kuma har ƙarshe yana juya kai wajen ƙofa. Ko da ta fito ranar nan zai rayu? Babu mai iya cewa. Baƙon dauron shekarar ya kwashe yara da yawa waɗanda ke kan cinyar iyayensu da nono a baki. An faɗa mata haka, an sake faɗa mata, bai taɓa shiga kunnenta ba. Abin da ta sani shi ne an kira ta tana ji, hannunta yana kan asabari, ta koma ta zauna tana murmushi.

Magana ba ta ɓuya, ta kai kunnen Malam Ma'aruf. Bai yi faɗa ba, ya ce ta tuba ta fasa ƙwaryar, Allah mai gafara ne. Ta ce ta tuba, amma ƙwarya ba ta fasuwa, don wadda aka girka ta ɗauku ke nan har mutuwa. Malam ya ce to ba za a haɗa ta da allo a gida ɗaya ba. Kowa ya sa ido ya ga saki, sai Isma'ila ya ba mutane mamaki, ya kwashe allurarsa da zarensa ya kafa musu bukka a gefen gari wajen hanyar Araba. Can ba kulle, ba mai kawo musu hatsin gandu, shi ya sa ta fara fita kasuwa da tabarmi. Ba ta sake haihuwa ba.

Ta ci gaba da zuba wa Doguwa nono a kusurwar ɗaki, ba don tana jiran wani abu ba. Idan an aiko daga ƙetare ana wasa takan je, iska ta hau ta, ta yi wa matan wasu alkawarin 'ya'ya da bakinta, ta yi atishawa ta dawo gida. Amma ko kusa da ɗakin girka ba ta yarda ta zauna. Inna Lami ta so ta koya mata aikin don ta gaje ta, ta ce ita ba za ta iya gaya wa wata kada ta amsa ba.

Sau ɗaya, suna zaune da la'asar yana ɗinki tana saƙa, ta ce masa ba tare da ta dube shi ba, "Ka sake hwaɗi nai."

Ya san abin da take nufi. Ya tsayar da allura, ya buɗe baki. Ta bar saƙa tana jira.

"Ba shi hitowa," ya ce daga ƙarshe. "In na tashi hwaɗi, sai in gan ni bayan zanag ga."

Ba ta sake roƙonsa ba. Ya koma gyaran muryarsa, ita kuma daga lokacin ne ta fara amsa kiran kowa.

Ranar da labari ya iso cewa sojoji sun kifar da gwamnati, kasuwar Illela ta hargitse. Maza suka bar rumfuna suka yi dafifi wajen mai rediyo, wasu na salati, wasu na ɗaure kaya su tsallaka ƙetare kafin a rufe hanya. Asta ba ta ko ɗaga kai daga kabarta ba, wanda ya hau da wanda ya sauka duk ɗaya ne a wurinta. Cikin turmutsutsun nan wata mata ta nemi 'yarta ta rasa, ta ɗora hannu a ka tana kira, "Asta! Asta!"

"Na'am!" in ji mai tabarmi da ƙarfi. Ta miƙe, kaba ta zube daga cinyarta. "Ga ni nan, ina zakkuwa!"

Ta kutsa cikin mutane tana tambayar wa ke kira. Yau ko yaran ba su samu sukunin yi mata dariya ba. Rumfar Isma'ila tana tsallaken hanya, shi kaɗai ya rage a layin maɗinka, kuma ya ji ta sarai. Ya ajiye rigar da ke hannunsa, ya tsallako ya tattara mata kabar da ta watse kada a tattake, ya zauna gadin tabarmin har ta gaji ta dawo.